Jan Ɗigo a Bencin Yaya

Litinin, 3 ga Maris
Ofis ya tura ni lambun shaƙatawar unguwarmu jin ra'ayin jama'a. An ba ni ƙatuwar taswirar lambun da sitika kala biyu: kore a manna inda mutum yake so, ja inda yake tsoro. Duk lambunan garin nan, sai wannan! Ba wanda ya sani a ofis cewa mutumin da ke wuni a bencin bakin famfo yayana ne, ciki ɗaya. Shi ke kula da lambun kafin kansa ya taɓu. Har yau yana yi wa furanni ban ruwa da bokitin da ba komai a ciki.

Talata, 4 ga Maris
Mutane sun yi cirko-cirko, an rasa mai farawa. Na ce, "Ga yadda ake yi," na ɗauki ja na manna. Sai da na ɗaga yatsa na ga inda ya sauka. Bencinsa. Misali ne kawai, wallahi.

Alhamis, 6 ga Maris
Ja arba'in da ɗaya a wuri guda, bencin ya ɓace a ƙarƙashinsu. Wata mai goyo ta ce ita bai taɓa yi mata komai ba, "amma na ga nan kowa ke sawa." Kamar in shaƙe ta. Shugabanmu ya ce a rataye taswirar a ƙofa kowa ya gani.
Yaya ya wuce ta gaban teburina ya ce, "Auta, kin ci abinci?" Na duƙa neman biro.

Asabar, 8 ga Maris
Wani mai wankin mota ya taka furanni, Yaya ya daka masa tsawa. Shi ke nan fa. Mai wankin motar ya fizgo taswirar daga ƙofa yana ɗagawa: "Ga shi, hukuma ma ta san da zamansa!" Mai askin bakin lambun ya zare bel ɗinsa. Wani ya ƙwace bokitin ya dinga maka masa a ka har ya lotse. Yaya bai kare fuskarsa ba, kifewa ya yi a kan furannin, suna ta sa masa ƙafa a haƙarƙari. Jini ya bi magudanar famfo.
Na daɗe a tsaye kafin in motsa. Sannan na ɗauki wata kujerar ƙarfe na sauke wa mai wankin mota a baki. Na ji ƙarar haƙori, na ƙara masa. Abin da nake ihu kuma? "Kuna ɓata mana aiki!" Aiki. Ko a nan ban iya cewa yayana ne ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Asibiti. Haƙarƙari uku sun karye, idon hagu ba tabbas. Mama ba ta dube ni ba.

Litinin, 10 ga Maris
Shugaba ya ce abin bai yi daɗi ba, amma aƙalla yanzu iyalai za su sake su shiga lambun. Na jefe shi da kofin shayinsa, ya fashe a bango. An dakatar da ni sati biyu. Baƙin cikina ɗaya, na kuskure shi.

Laraba, 12 ga Maris
Yaya ya farka. Ya daɗe yana dubana da idon da ya rage, ya ce, "Auta, naki ne na farko, ina kallo. Kin manna shi daidai, bai karkace ba. Tun kina ƙarama aikinki tsaf yake."
Yabona yake yi. Na fita baranda na yi kuka har wata nas ta zo ta riƙe ni.

Juma'a, 14 ga Maris
Na biya ta lambun, hanya ce kawai. Bokitin na nan ƙarƙashin benci, na buga shi da dutse ya ɗan miƙe. Don furannin da na ga suna bushewa na yi, ba wani abu ba.
Mai goyon nan ta tarar da ni a zaune, ta ce, "'Yar'uwa, a nan kika zauna? Ba ki san na wane ne ba?"
Na ce na yayana ne. Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da mai aski ya juyo daga ƙofar shagonsa.