Kada Ka Taɓa Jar Motar Nan

Baban Auta,

Na ga ka dawo daga aiki a gajiye, shi ya sa ban tashe ka ba. Motata ta ƙi tashi da safe, sai na ɗauki 'yar jar motarka na kai Auta makaranta. 

Muna hawa babban titi sitiyari ya fara karkarwa, tayar gaba ta ɓangaren Auta tana ƙwas-ƙwas. Ita kuwa sai dariya take, wai mota tana rawa. Da ƙyar na lallaɓa wurin mai faci. Wallahi da yatsu ya kwance noti biyu, ko sifana bai ɗauka ba. Ya ce sababbin wilin tayoyin nan masu faɗi da kuka ɗaura kai da abokinka ba sa zama da tsofaffin notoci, nasu daban ne. Ya ɗaure, amma ya ce za su sake kwancewa.

Na san yau kuka shirya fita bayan gari ku gwada gudunta. Ba inda za ka. Tsofaffin tayoyin suna bayan tankin ruwa. Ko ka mayar da su, ko ka nemo notocin da suka dace.

Makullin yana jakata, har da wanda kake ɓoyewa cikin takalmi. Ka yi haƙuri. Gara in dawo in tarar kana fushi da ni, da in tarar da mutane a ƙofar gida suna jiran su ba ni haƙuri.

Maman Auta