Ɗaya Ya Ishe Mu

Ya kai Dehai, mijina, Baban Lei, inuwata a watan zafi, ruwan farko da ya sauka a gonar zuciyata, kai da na miƙa wa ƙuruciyata tun gashina yana baƙi wuluk!

Takardarka ta iso. Kana so in zo ofis mu sa hannu a raba aurenmu, don ka auri Manli ta haifa maka, tunda yanzu gwamnati ta ce a haifi 'ya'ya uku, doka kuma ba ta yarda da mata biyu ba. Wai gidanku zai mutu, ba mai share kabarin kakanninka. Wayyo masoyina, sai yanzu ka tuna kana da kakanni?

Ka tuna safiyar da ka ɗauke ni a bayan kekenka, sanyi na yanka fuska, ina rungume da ƙugunka, da cikina na biyu wata biyar? Ban taɓa son ka kamar ranar ba, don na ɗauka ƙauyen innata za ka kai ni in ɓuya, tunda a lokacin doka ta hana haihuwa fiye da ɗaya. Sai da muka wuce gada na gane hanyar asibiti ce. Ka ce, "Shulan, kar ki yi mini kuka a titi, mutane na kallo. So kike su kore ni daga masana'anta? Ɗaya ya ishe mu." Kai ka sa hannu aka cire cikin, kai ka sa hannu aka ɗaure mini mahaifa. A hanyar dawowa ka saya mini gasasshen dankali, kana hura shi don kada ya ƙona mini baki. Wace mace ce ta taɓa dacewa da miji mai tausayi haka? Masana'anta ta ba mu jar takardar yabo da fulas ɗin ruwan zafi. Abin da aka cire mace ce, Dehai. Mai jinya ta faɗa mini, ni kuma ban faɗa maka ba, don ba ka tambaya ba.

Ɗayan da ya ishe mu kuwa, Lei ɗinmu, mota ta kwashe shi ya rasu yana da shekara ashirin da shida. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ce mini Mama. Bara na je gidan tsofaffi in nema mana wuri, mu biyu, suka tambaye ni wane ɗa ne zai tsaya mana. Na dawo na dafa maka taliya, ka ce gishiri ya yi yawa. Yanzu kai za ka je ka sake shuka, ni da ka rufe da alƙalaminka ka bar ni da fulas?

Ba zan zo ba, hasken idona. Ka kai ni kotu. Alƙali ba ya raba aure sai ya tabbata ƙauna ta mutu, ni kuwa zan sa rigata mai kyau, in shafa hoda, in tsaya gabansa da hawaye in ce ina son mijina. Zai ce mu koma gida mu sasanta. Ka sake kai ni, in sake faɗa. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba ƙarya zan yi ba.

Manli shekararta talatin da tara, ita ce mai sauri. Ni lokaci kaɗai ya rage mini, kuma duk na ba ka shi. Zan riƙe ka da hannu biyu har jininta ya ɗauke, mu tsufa mu uku, ba mai ƙwanƙwasa ƙofar ɗayanmu.

Taka, yau da gobe, har ranar da za a rasa mai binne mu,

Matarka Shulan