Tukunyar da Ba Ta Son a Buɗe Ta

Yaya Sa'a,

Gaisuwa mai yawa daga Ingila. Ya jikin Inna? Baba ya fara cire tumatir a Kadawa kuwa?

Ni lafiya lau, aiki ne dai ya hana ni girki. Shi ya sa na sayi tukunyar lantarki mai dafa nama a hankali, awa takwas. Ranar hutuna na zuba naman sa da dankali, na cika ruwa yadda kika koya min. Yaya, ruwan nan ko kaɗan bai tsotse ba. Ni kuma bini-bini na buɗe na juya irin na Inna, ashe buɗewar ce ke mayar da girkin baya. Miya ta fito tsululu, tumatirinsu kuma ja kawai gare shi. Don Allah ki aiko min da busasshen namu da daddawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, na zuba a kwano na kai wa maƙwabcina, sai ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Kwana biyar ina cin abina ni kaɗai.

Kada ki gaya wa Inna.

Ƙaninki,
Datti