Fuka-fukan Injin Malam

Litinin, 3 ga Fabrairu

Firji ya sake ɗaukewa da rana tsaka. Ruwan rafi ya ja baya, injin da mijina marigayi Malam ya haɗa a gangare don ya ba mu wuta yana juyi kamar an sa shi dole. Allurar sukarina kuwa sai da sanyi. Babban yaron nan ya kira: "Umma, ƙarshen wata ina tafe. In firjin nan bai tsaya ba, ki haɗa kaya, gidana za mu." Gidan nasa a saman bene yake, ko ƙasa mutum ba ya takawa. Ba na son zuwa. Na ce masa Allah ya kai mu.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na shiga rumfar injin. Da can iyakata bakin ƙofa da kofin shayi, Malam yana cewa koma, za ki jiƙe. Ashe abin ba wani aljani ba ne. Bututu ne ke kawo ruwa daga sama, ya fesa a kan wani faifan ƙarfe mai fuka-fukai, faifan ya juya janareta. Kowane fiffike da notinsa, a gindinsa kuma ɗigon jan fenti, inda Malam ya saita shi.

Abin da ya tsaya mini a rai: ruwan na dukan fiffike ya fantsamo da ƙarfinsa har ya jiƙa mini zane. In ƙarfin yana jikin zanena, to mene ne ya shiga injin?

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wajen wanke-wanke na tara ludayi a bakin famfo, ruwa ya wanke mini fuska. Na ɗan karkata shi, sai ruwan ya bi cikinsa ya kewaya, na ji yana tura mini hannu. Na ƙara karkatawa, ya zame ya wuce, ba turi. Ina ta wannan wasa ƙanwar Malam ta shigo. "Yaya, lafiya? Ko sukarin ne ya hau kai?" Na ce mata karatu nake.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na ɗauko sifanar Malam, na mayar.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau dai na rufe bututu na kwance notin. Na farko ya ƙi, sai da na zuba masa man keken ɗinki. Da fiffiken ya gota daga jan ɗigon nan sai na ji kamar na buɗe akwatin da ba nawa ba. Na ce Malam ka yi haƙuri, in bai yi ba zan mayar. Na yanki kwali na yi ma'auni, don duk su karkata daidai da juna.

Na kwantar da su sosai, na saki ruwa. Gudu! Faifan har fito yake yi. Na hau gida da murna na kunna firji, sai injin ya yi wani nishi, hannun mitar wuta ya faɗo ƙasa da inda yake da. Ashe gudu daban, ƙarfi daban. Jakin da ba a ɗora wa kaya ba ai dole ya yi sauri.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Daga yau ba na gwaji sai firji na kunne. Ƙanwar Malam ce mai gadin mita, ni ina gangare, tana ƙwala mini kira ta taga. "Ya hau!" "Ya sauka, injiniya!" Ta ce da yayanta zai leƙo ya gan ni da zane a ɗaure a gwiwa, da ya suma.

In na miƙar da fuka-fukan, ruwa ya dake su ya dawo baya, ya bugi fiffiken da ke biye, yana rage masa tafiya. In na kwantar da su da yawa, ya sulale ya fice da saurinsa. A tsakani ne maganar take. Amma ina a tsakanin?

Talata, 18 ga Fabrairu

Na gano. Ba faifan ake kallo ba, ruwan da ke fita ake kallo. Akwai inda na kai su, sai fantsamar ta mutu, ruwan ya riƙa zubowa ƙasa a gajiye, ya ba da duk abin da ya zo da shi. Ƙarar ma ta sauya, ta yi kauri. Daga taga na ji ihu: "Yaya, ya wuce na da!"

Wurin ya gota daga jan ɗigon da kamar faɗin ɗan yatsa. Na daɗe a tsugune ina kallon tazarar nan. Wataƙila da damina ya saita su, lokacin ruwa na da yawa. Wataƙila kuma kuskure ya yi. Malam, kuskure? Ban taɓa haɗa kalmomin nan biyu ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Firji bai ɗauke ba tun Talata. Har ƙanƙara.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Yaron ya zo jiya da manyan jakunkuna, ba komai a ciki. Ya buɗe firji, ya taɓa kwalaben allura, ya dubi mita. Ya sauka gangare ya tsaya yana sauraron injin, idonsa ya cicciko. "Kai, Baba ya san aikinsa. Ko ruwa ya ja baya saitinsa bai gaza ba. Allah ya jiƙansa." Gwaggonsa ta buɗe baki, na harare ta. Na ce amin, kuma har zuci na faɗa.

Ya ce shi ke nan, in zauna. Abin da nake nema ke nan, ya kamata in yi barci da daɗi. Sai ga ni da wani haushi da ban san inda zan ajiye shi ba. Allah ka yafe mini, wa ke kishi da mamaci?

Da safe na raka shi mota. Ya rufe ƙofa, ya tada inji, sai na ji bakina ya ce, "Ni na saita su." Bai ji ba, ɗaga mini hannu kawai ya yi. Motar ta kai kwana na sake faɗa, da ƙarfi.