Muryar Tanko a Bayan Katanga

Gaya, ranar Laraba

Yaya Usman,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da mutanen Yamai baki ɗaya. Yaya aikin gyaran injuna? Na gode da gaisuwar takaba da ka aiko. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban mota, na daina yarda da salula.

Ka san tun da soja suka karɓi mulki aka rufe gadar Malanville ta iyakar Benin, aikin maigidana Tanko na fiton kaya ya koma kan jirgin ruwa, har ranar da jirgin ya kife da shi. To, ordinatar ɗinsa, wato kwamfutar da nake buga wa ƴan kasuwa takardu da ita ta ƙi yarda ya mutu. Kowace safiya in na kunna, sai ta gaishe ni da sunansa. Shekaranjiya ta jefo mini hotonmu, ni ba ɗankwali, wai tuna baya. Wa ya aike ta? Wallahi sai da na saki kofin kunu a ƙasa.

Ga babbar damuwata. Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma a rabon gado injin ya faɗa hannun ƙanensa Alfari, da salular duka. Yaya, cikin ordinatar akwai abin da ke tsakanin miji da mata. Tanko mutum ne mai son ɗaukar komai a hoto da murya, waƙar yaren Dandi da yake mini, dariyata, kitsona a tsefe. Na tambayi liman, ya ce ƙarfen na magada ne, amma sirrin ɗaki ba a gadonsa. Don haka zan goge komai kafin su zo. Na yi tunanin kwafe muryarsa in ɓoye, sai na ga ranar da na mutu haka za a baje nawa kayan a tabarma. Gara ya tafi gaba ɗaya.

Ka nemo mini wani inji. Tsoho nake so, kurma kuma makaho: ba kamera, ba makirfo, ka cire abin da ke kama rezon intanet. Kada ka sa mini tsarin da ke tambayar sunan mutum da ranar haihuwarsa. Na rubutu kawai ya ishe ni, sai wanda zai tura wa injin bugawa. Na san halinka da ƙyale-ƙyale, in ka ƙara ko wasan karta ne zan mayar maka da abinka.

Ka gaida Indo da yara.

Ƙanwarka,
Zalika

Gaya, ranar Asabar

Yaya Usman,

Ina gaishe ka da fatan alheri, yaya jikin Indo? Inji ya iso tun makon jiya, Allah ya saka da alheri. Mummuna ne, nauyi kamar dutsen niƙa, amma ina sonsa. Baƙin allo, farar takarda, shi ke nan. Bai san ni ba, ban san shi ba.

Na goge na Tanko yadda ka rubuto, har ƙasa. Da na danna, ji na yi kamar ranar da aka fito da shi daga kogi. Na miƙa wa Alfari inji fanko, na ce na huta.

Ashe ban huta ba. Ranar Alhamis da hantsi ina shanya kaya a gindin katangar da ta raba mu da gidan Alfari, sai na ji Tanko yana waƙa. Innalillahi! Muryarsa sak, har da ɗan tarin da yake yi kafin amshi. Na ɗauka na zauce, Yaya. Na dafa bango ina karanta duk abin da ya zo bakina. Sai na ji dariyar mace, na gane tawa ce.

Ni da nake ganin na iya inji, ban taɓa sanin ordinatar tana tura komai can wata ma'ajiya ta intanet da sunansa ba. Alfari ya kunna salular yayansa, komai ya sauko masa. Ban san me ya gani ba, ban san wa ya nuna wa ba. Abin da na sani, bayan waƙar na ji shi yana kuka, ƙato da shi, yana kiran sunan yayansa. Jiya da ya zo gaishe ni bai ɗaga ido daga takalminsa ba, ni ma na ja mayafi har hanci. Kunya kamar ta kashe ni.

Na san abin da za ka ce: in aika liman, a rufe ma'ajiyar, a goge. Gaskiyarka ce, mutuncina ne. Har na shirya saƙon. Amma Yaya, kafin ranar Alhamis na fara manta yadda muryarsa take, ina nema a raina ba na samu. Yanzu duk duniya wurin nan kaɗai ta rage.

Ban aika ba tukuna. Yau ma na wanke kayan da ba su yi datti ba, na kai gindin katangar na tsaya har rana ta take, bai kunna ba. Ka yi mini addu'a, don gobe ma zan je.

Ƙanwarka,
Zalika