Ba Zan Mayar da Geron Malam Garba Ba

Zuwa ga Shugabar Sashen Kuɗi,
Babban ofishin ƙungiyar mishan da ke ƙasar waje, mai kula da asibitin mata da yara na ƙasar Zurmi.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyali da abokan aiki. Ni ce Rabi, 'yar Kaura Namoda, akawun asibitinku da kuka dakatar a watan jiya bisa zargin karɓar cin hanci. Na rubuto a fili kuma da Hausa, don mutanen da abin ya shafa su ji da kunnensu. Shekara takwas ina fassara wa masu gadi da masu shara takardunku. Wannan karon ku ma ku nemi mai fassara.

Takardar dakatarwar ta gindaya mini sharaɗi biyu kafin in koma aiki. In kwashe hatsin da ke rumbun asibiti in mayar wa kowa nasa, in faɗa masa ƙungiya ba ta karɓar kyauta. Sannan in sa hannu cewa na yi laifi. In na ƙi, a kore ni da sunan maciyar rashawa. To, na ƙi, kuma ga dalilaina.

Na farko, ga abin da mai bincikenku ya gani. Ya sauka da hantsi, kafin la'asar ya juya saboda tsoron hanya. A tsakanin nan ya zaga bayan ɗakin girki ya ga rumbu, aka ce masa gero da dawa ne da dangin marasa lafiya ke kawowa. Ya tambaye ni ina suke a lissafi. Na ce manhajar da kuka ba ni ba ta san dami ba, kuma sau biyu ina rubuto wa ofishinki a buɗe masa gurbi, ko kanzil ba a ce mini ba. Bai tambayi inda hatsin ke tafiya ba, don haka bari in faɗa miki. Kasafinku ya tanadi abincin yaron da yunwa ta kwantar, amma ya manta da uwar da ke zaune gefen gadonsa tana shayarwa da cikin wofi. Da wannan geron Sista Laraba, babbar nas ɗinmu, take sa a dama wa iyayen kunu safe da yamma. Ko tiya ɗaya ba ta taɓa bin hanyar Kaura zuwa gidanmu ba. Da zai tafi ya ba da umarni a sa wa rumbun kwaɗo, rumbun da ba shi da ƙofa, ta sama ake shigarsa. Har yau masu gadi suna ba juna labarin.

Na biyu, kun san kuɗi, amma ba ku san dalilin da ya sa talaka ke kawo dami ba. Tun da aka buɗe asibitin nan ake ta magana a kasuwar Moriki da majalisun Shinkafi cewa ruwa ba ya tsami banza, Nasara ba zai ba ka magani kyauta ba sai yana son addininka. Ni shaida ce ba a taɓa cewa kowa ya bar sallarsa ba, amma magana in ta fita ba ta komawa. Magidanci yakan bar matarsa tana naƙuda kwana da kwanaki don kada a ce ya je cin sadakar mishan. Abin da ya warware wannan ƙulli shi ne gero. In mutum ya ɗora dami a babur ya kawo bayan kaka, ya zama ya biya alheri da alheri, ba wanda zai nuna shi da baki. Ba ni na ƙirƙiro al'adar ba, na tarar da ita, kuma ita ta cika mana ɗakin haihuwa. A ƙasar nan ba a mayar da hannun kyauta baya. Ranar da na mayar wa mutum daminsa na ce masa mabaraci ke nan, kuma ba zai sake turo matarsa ba ko da kan ɗan ya leƙo.

Na uku, shi ne wanda ke hana ni barci. Cikin hatsin da kuke so in mayar akwai damin Malam Garba, manomi daga wani ƙauye gefen Birnin Tsaba. Da daminar bana aka kawo matarsa Hassi jini ya ɓalle mata, aka yi mata aiki, Allah ya raya ta da ɗiyarta. Ba a karɓi ko kwabo ba, kamar yadda dokarku ta ce. Kin san ko ba ki sani ba, manomi a can sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Abin da ya rage masa bai kai ya fitar da gidansa shekara ba. Duk da haka, da geronsa ya nuna, damin farko nan ya kawo. Na ce Malam ka bar wa yara mana. Ya dube ni ya ce, "Akawu, wanga ba kuɗin magani ba na. Don in samu ɗaga kaina na in na shigo ƙofar ga." Na karɓa da hannu biyu, na yi masa godiya kamar yadda aka koya mini a gida.

Da lokacin yankan dawa ya zo, a gonarsa 'yan bindigar suka same shi suka harbe shi.

To Ranki ya daɗe, takardarku ta ce a mayar wa kowa nasa. Wa zan mayar wa? In ɗauki damin in tafi gidan takaba, in ajiye shi gaban Hassi, in ce abin da mijinki ya kawo don godiyar ranki ofishinmu ya duba ya ga toshiyar baki ne? Wallahi ƙafata ba za ta kai ni ba, kuma ba zan aiki kowa ba.

Na huɗu, sunana. Mahaifina malami ne, almajiransa sun zama limamai da alƙalai. Ranar da na gama karatun akanta a kwalejin kimiyya ta Kaura na ce zan yi aiki da ku, 'yan uwa sun yi ca a kansa. Shi ya tsaya mini, ya ce riƙon amanar marar lafiya ibada ne ko a hannun wa aka karɓo ta. Na yi ta ɗaukar albashin ma'aikata a kan hanyar da direbobi ke karanta kalmar shahada kafin su hau. Lokacin da aka katse layukan waya, banki ya gagara, a ƙarƙashin hijabina na riƙa shigo da kuɗin man janareto don kada allurai su lalace. Ba a taɓa neman naira ɗaya aka rasa ba, kuma rahotannin bincikenku na kowace shekara suna hannunki. Yau waɗanda suka yi wa tsohon nan dariya a da sun samu abin faɗa, suna cewa ga sakayyar mishan nan. Wannan ya yi mini ciwo fiye da albashin da kuka tsayar, kuma ba zan ɓoye ba, na yi fushi.

Ban ce dokarku banza ce ba. Na san akwai wuraren da kyauta ke sayen gado a asibiti, kuma gara a toshe. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, da kun tambaya da an faɗa muku.

Ga abin da nake nema. Ku janye kalmar cin hanci daga takardata, a rubuce, a kuma karanta a gaban ma'aikatan da aka karanta zargin a gabansu. Ku buɗe wa hatsi gurbi a lissafi, a riƙa aunawa gaban shaidu, ni ma haka na fi so tun farko. In kuma kun dage sai an mayar, to ki zo da kanki, zan nema miki mai babur da ya san hanyar ƙauyen. Maganar komawata aiki na bar muku, wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci.

Abu na ƙarshe, don kada ki ji a bakin wani. Makon jiya Hassi ta aiko surukarta da jaririyar don a yi mata rigakafi, tsohuwar ta biyo gida ta same ni. Ba su san abin da ake ciki ba. Saƙon Hassi ɗaya ne: "Shin an fara cin geron Malam? So nike ladan shi iske shi." Na ce ta gaya mata ranar Juma'a za a fara. Na yi magana da Sista Laraba, ta ce ita ma littafin addininta bai koya mata korar mai godiya ba. Ranar Juma'a da safe za mu sa a hau rumbun a fito da damin, a sussuke, a surfa, a dama kunu, iyayen yara su sha su yi masa addu'a. In wannan ma laifi ne, ki ƙara shi a kan na farko, wannan kam zan sa hannu.

Allah ya saka muku da alherin da kuka yi wa matanmu da 'ya'yanmu, ban manta da shi ba. Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, ya nuna miki gaskiya ya ba ki ikon bin ta. Allah ya jiƙan Malam Garba, ya raya abin da ya bari.

Wassalam.

Rabi Akawu,
Kaura Namoda.