Kantar da ke Kusa da Taga

Zuwa ga amaryata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatu. Bayan haka, murna ta hana ni zama! Mai kula da laburare ya ce ƙungiyarku ta masoya fim za ta kawo mana faifai ɗari uku kyauta. Gida gida na bi ina faɗa, har na yi wa 'yan ajinmu na yamma alkawarin kallo ranar Asabar. Mai aski ya ce shi na dambe yake so. Kin san shi, da furfurarsa ya shigo aji, yanzu ya kai shafi na sha biyu a littafin koyo. Akwai wasiƙar ɗansa a aljihunsa wata biyu ke nan, ya rantse ba mai karanta masa sai shi. Duba rubutuna, ba wanda ya kama mini hannu.

Naki,
Kaka

Angona tsoho,

Ina gaisuwa. Ka ga aikin amaryarka ko? Jarrabawa ta hana ni zuwa, amma shugabanmu na tafe ranar Laraba da mai hoto. Ku ba faifan kanta mai haske a laburaren. Ka sa rigar kirki, kada ka ba ni kunya a idon duniya.

Taka har kullum

Jikata,

Bayan gaisuwa. Sun zo su huɗu da ƙaton kwali, riga iri ɗaya. Saman kwalin sababbin faifai ne a leda. Aka ɗora mini su a hannu, aka ce, "Baba, yi dariya." Na yi. Ana gama hoto shugabanku ya mayar da su mota, wai na hoto ne.

Da muka zazzage sauran, sai da mai kula ya toshe hanci. Kyankyasai suka watse a ƙasa. Kashin ɓera kamar an auna da cokali. Rabi fanko ne, rabi sun sha karce kamar kaza ta yi tono a kansu. Akwai ɗaya da busasshen maiƙo ya manne da marfinsa, na wanke hannu sau uku ban daina jin ƙyama ba. Na tambayi shugabanku ina na'urar kallo, ya ce, "Baba, ai wannan sai zagaye na biyu." Juji suka kawo mana, suka sa muka yi godiya.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Kantar da ke kusa da taga ta littattafan ajinmu ce. An kai su ɗakin baya mai yoyo don a ba faifai wuri, aka yi ruwa ranar Alhamis. Sun jiƙe sun manne, ba a buɗa shafi ko ɗaya. Ranar Asabar mai aski ya zo, ba kallo, ba littafi. Ya shafa aljihunsa ya juya.

Kakanki

Kaka,

Ina gaisuwa cikin kunya. Faifan nan mai maiƙo nawa ne. Daga ƙarƙashin gadona na jawo kwali, ban ko buɗe ba. Cewa aka yi lamba ake so ta cika ɗari uku, kowa ya kawo abin da ya samu. Jiya aka saka hotonka kana dariya, mutane na ta sa albarka. Na rubuta musu abin da ka gani, suka cire ni daga ƙungiyar. Ban yi kuka ba. Faɗa mini sunan littafin, da ku nawa ne a ajin. Ka yafe mini.

Jikarka

Amaryata,

Saƙonki ya iso, littafi tara cif, daidai yawanmu a aji, Allah ya yi miki albarka! Ni ma ki yafe mini, na ɓoye miki abu: da hannuna na kwashe littattafan nan zuwa ɗakin baya, har da waƙa nake yi. Faifanku kuwa mun rataye su da zare a gona, tsuntsaye na tsoron ƙyallinsu.

Jiya mai aski ya karanta wasiƙarsa a bakin taga, yana bin ta da yatsa. Na ce, "To, me yaron ya ce?" Ya ninke ta ya mayar aljihu, ya ce, "Ina ruwanka?"

Naki cikin murna,
Kaka